Likita Paul Brand, wanda ya gano abin da ke cin yatsun kutare

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana ɗauka cewa kuturta da kanta take cin yatsu, ta ruɓar da nama har hannu ya zama dungu. Likitocin Turai ma haka suka ɗauka shekara da shekaru. Mutumin da ya warware wannan zance shi ne Paul Brand, Baturen Ingila, likitan fiɗa.

An haife shi ranar 17 ga Yuli 1914 a kudancin Indiya, ya tashi a duwatsun Kolli, inda iyayensa ke aikin mishan. Yana ɗan shekara 9 aka kai shi Ingila karatu. Sai da ya yi shekaru yana koyon gini da kafinta kafin ya shiga karatun likita a London, inda ya ƙware wajen fiɗa a lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1943 ya auri Margaret, ita ma likita, a 1946 kuma ya kama aiki a asibitin Vellore, can Indiya.

A 1947 ya ziyarci gidan kutare na Chingleput. A lokacin an fara samun maganin da ke kashe ƙwayar cutar, amma wanda ya warke yakan koma gida da yatsu a lanƙwashe da gyambo a tafin ƙafa, ba mai kula da wannan. Brand da abokan aikinsa suka duƙufa suna gwada hannuwan majinyata ɗaya bayan ɗaya, suka tarar ba duk naman hannu ke shanyewa ba: akwai jijiyoyin motsi da cutar ba ta cika taɓawa. Sai ya riƙa ɗauko lafiyayya daga cikinsu, ya tsaga ta, ya ɗinka a yatsun da suka ƙandare. Bayan fiɗa, majinyaci yakan yi makonni yana horar da hannun, har yatsu su koyi buɗewa da damƙa.

Sai dai ɗaya daga cikin mutanen farko da aka yi wa aikin ya dawo da kuka. Hannunsa ya miƙe, saboda haka masu ba shi sadaka sun daina, masu ɗaukar ma'aikata kuma har yanzu suna ƙyamarsa. Nan Brand ya gane cewa kyan ɗinki ba shi ne ma'aunin nasara ba, sai an ga abin da mutum ya iya yi da hannun bayan ya bar asibiti. Ya kafa wata ƴar unguwa kusa da asibitin, inda majinyata ke koyon kafinta da sauran sana'o'in hannu.

A wannan unguwa ce ya sami hujjar da ta fi kome muhimmanci a aikinsa. Wata rana ya kasa buɗe wani tsohon kwado mai tsatsa, sai wani yaro majinyaci ya karɓi mabuɗin ya murɗa, kwado ya buɗe. Da likita ya duba, sai ya ga mabuɗin ya yanke yatsan yaron har ƙashi, shi kuwa yaron ko a jikinsa. Cutar tana kashe jijiyoyin da ke kai labarin zafi, don haka mutum yakan ƙone, ko ya taka ƙaya, ko ya yi ta tafiya a kan miki bai sani ba, har ciwo ya kai ga ƙashi. Brand bai tsaya ga labarin yaro ɗaya ba. Ya sa aka riƙa duba hannuwan mazauna unguwar a kai a kai, ana zana siffar yatsu a takarda, kowane sabon rauni kuma sai an bi sawunsa an gano mafarinsa. Waɗansu raunukan da aka rasa dalilinsu, ashe ɓeraye ne ke gaigayar yatsu da dare mai su na barci. Daga nan aka riƙa haɗa majinyaci da kyanwa in zai koma gida, magani mai arha wanda babu shi a littafin likitanci.

Ga ƙafa kuwa, ya sa aka yi takalma na roba mai taushi da ke raba nauyin jiki a tafin ƙafa duka, ya kuma yaɗa dabarar ɗaure ƙafa mai gyambo da irin ɗaurin da ake yi wa karaya a asibiti, domin miki ya huta. Da ya koma Carville ta Amurka a 1966, ya nuna cewa masu ciwon sukari ma ta wannan hanya suke rasa ƙafa. A 1989 waɗansu masana a Amurka suka gwada dabarar a kan masu ciwon sukari: a cikin gyambo 21 da aka yi wa ɗaurin, 19 sun warke, a cikin 19 da aka yi wa jinyar da aka saba ta wanki da bandeji, 6 ne suka warke.

Wannan ilimi ya shafi manomin albasa na Galmi da matar da ke tuƙa tuwo a Malbaza kamar yadda ya shafi mutanen Vellore. An buɗe asibitin Galmi a 1950, cibiyar kutare ta Danja kusa da Maraɗi kuma a 1956, tun 1995 kuma ana ba da haɗin magungunan kuturta kyauta a duniya. Amma magani ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Abin da ke tsare gaɓa bayan haka shi ne duba hannu da ƙafa kullum, jiƙa su a ruwa a shafa mai, naɗe ƙotar hauya da tsumma, ɗaukar tukunya da ƙyalle, da barin yawo ba takalmi. Ko'ina ake jinyar kuturta yau, wannan ake koya wa majinyata.

Brand ya aje aiki a Carville a 1986, ya zauna a Seattle. A can ya rasu ranar 8 ga Yuli 2003, saura kwana 9 ya cika shekara 89.