Harriet Beecher Stowe: Marubuciyar da rasuwar 'yan uwa ta sa ta rubuta littafin bakin teku

A ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 1896 ne Harriet Beecher Stowe ta rasu a birnin Hartford na ƙasar Amurka tana da shekaru 85 da haihuwa. Duniya ta fi saninta da littafin Uncle Tom's Cabin, wanda ya girgiza Amurkawa a kan batun bauta, sai dai masu nazarin adabi na ganin cewa idan ana son sanin abin da ke zuciyarta, to a duba littattafan da ta rubuta a kan iyalai Kiristoci mazauna garuruwan bakin teku, domin a cikinsu ne ta zuba baƙin cikin gidansu.

Gidan malaman coci

An haifi Harriet ne a ranar 14 ga watan Yunin 1811 a garin Litchfield da ke jihar Connecticut. Mahaifinta Lyman Beecher shahararren mai wa'azi ne, kuma dukkan 'ya'yansa maza bakwai da suka girma sun zama fastoci. Mahaifiyarta Roxana ta rasu tana 'yar shekara biyar, saboda haka tarbiyyarta ta koma hannun babbar yayarta Catharine, wadda ta girme ta da shekaru 11.

Lyman Beecher na bin koyarwar John Calvin mai tsauri, wadda ta tanadi cewa kyawun hali kaɗai ba ya isar da mutum ga ceto, sai ya samu tabbataccen tuba a zuciyarsa kafin mutuwa ta riske shi. A shekarar 1822 wannan koyarwa ta taɓa iyalin kai tsaye. Saurayin da Catharine za ta aura, Alexander Fisher, malamin lissafi a jami'ar Yale, ya halaka a haɗarin jirgin ruwa mai suna Albion a gaɓar tekun Ireland, kuma babu shaidar cewa ya yi irin tuban da cocin ke buƙata. Mahaifinta bai iya ba ta tabbacin cewa mamacin ya tsira ba. Catharine ba ta yi aure ba har ta koma ga Mahaliccinta. A shekarar 1823 ta buɗe makarantar 'yan mata a Hartford, inda Harriet ta yi karatu, daga bisani kuma ta koyar.

Littafin da ya fito da ita

A shekarar 1832 iyalin suka koma Cincinnati a jihar Ohio, birnin da kogi kawai ya raba shi da jihar Kentucky inda ake bautar da baƙaƙen fata. A nan ne Harriet ta ji labaran bayin da ke tserewa, a nan ne kuma ta auri Calvin Stowe, malamin ilimin Littafi Mai Tsarki, a shekarar 1836. Sun haifi 'ya'ya bakwai. A shekarar 1849 cutar kwalara ta kashe ɗanta Samuel Charles yana ɗan wata 18, kuma ta bayyana daga baya cewa wannan rashi ne ya sa ta fahimci halin da baiwa ke shiga idan aka sayar da ɗanta.

Bayan da majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar 1850 mai tilasta mayar da bayin da suka gudu ga iyayen gijinsu, Harriet ta fara buga labarin Uncle Tom's Cabin kashi-kashi a jaridar National Era a 1851. Da ya fito a matsayin littafi a watan Maris na 1852, an sayar da kwafi kusan dubu 300 a Amurka cikin shekara guda. Jihohin kudu sun zarge ta da ƙarya, ita kuma ta mayar da martani a 1853 da wani littafi mai ɗauke da hujjoji.

Newport da tambayar da ta ƙi mutuwa

A watan Yulin 1857 babban ɗanta namiji, Henry, ɗalibi a kwalejin Dartmouth, ya nutse a kogin Connecticut yana ɗan shekara 19. Shi ma bai bayyana tuba a gaban coci ba. Ke nan tambayar da ta addabi Catharine shekaru 35 da suka gabata ta dawo kan ƙanwarta: ina makomar mamacin?

Amsar da Harriet ta bayar ita ce littafin The Minister's Wooing, wanda ya fito a 1859 bayan an buga shi a mujallar Atlantic Monthly. Ta mayar da labarin baya zuwa ƙarshen ƙarni na 18, a Newport, garin tashar jiragen ruwa a jihar Rhode Island. Attajiran wannan gari sun yi arziki ne ta hanyar loda barasa a jirage zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, inda suke musayar ta da bayi.

A cikin labarin, wata budurwa mai tsoron Allah, Mary Scudder, na son wani matuƙin jirgi mai suna James Marvyn wanda ke da shakku a kan addini. Sai labari ya zo cewa jirginsa ya nutse. Mahaifiyarsa ta kusa zaucewa don tunanin cewa ɗanta ya mutu ba tare da ceto ba, kuma ilimin malamai bai sanyaya mata zuciya ba. Wadda ta rarrashe ta ita ce Candace, baƙar fata da ta yi bauta a gidan, wadda ta tunatar da ita jinƙan Almasihu. Mary ta amince za ta auri faston garin, Samuel Hopkins, amma da James ya dawo da rai, faston ya janye da kansa.

Hopkins mutum ne da ya rayu a zahiri, ya yi wa'azi a Newport har rasuwarsa a 1803, kuma ya fito fili ya la'anci cinikin bayi a garin da ke cin abinci da shi. Harriet ta girmama jaruntakarsa, amma ta nuna yadda tsaurin koyarwarsa ke karya zukatan iyaye mata.

A shekarar 1862 ta sake komawa bakin teku da littafin The Pearl of Orr's Island, labarin masunta da matuƙa jirage na wani tsibiri a jihar Maine, yankin da ta zauna tun 1850 lokacin da mijinta ke koyarwa a kwalejin Bowdoin. Jarumar labarin marainiya ce mai suna Mara, wadda teku ta cinye mahaifinta. A ciki akwai wasu dattijai mata biyu, ya da ƙanwa, Roxy da Ruey, waɗanda ba su yi aure ba, su ne masu ɗinki da jinya da karɓar haihuwa na tsibirin. Marubuciya Sarah Orne Jewett ta amsa cewa wannan littafi ne ya nuna mata hanyar rubutu a kan talakawan yankinta.

Zumunci da saɓani

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 bai bar gidanta ba. Ta gana da shugaba Abraham Lincoln a 1862, kuma ɗanta Frederick ya samu rauni a fagen daga na Gettysburg a 1863. Daga nan shan barasa ya fi ƙarfinsa, ƙarshe ya tafi California aka daina jin ɗuriyarsa. Ita kanta Harriet ta bar cocin mahaifinta ta koma ɗariƙar Episcopal, reshen Anglika na Amurka.

A 1869 ita da Catharine suka haɗa hannu suka wallafa littafi a kan kula da gida mai suna The American Woman's Home. Amma tsakaninta da ƙanwarta Isabella, wadda suke uba ɗaya kuma 'yar gwagwarmayar neman wa mata 'yancin zaɓe, an samu ɓaraka. Lokacin da aka zargi ɗan uwansu, fitaccen fasto Henry Ward Beecher, da neman matar abokinsa, Isabella ta gaskata zargin, Harriet kuwa ta tsaya masa. Shari'ar 1875 ta ƙare ba tare da masu taya alƙali yanke hukunci sun cimma matsaya ba, kuma an shafe shekaru 'yan uwan ba sa ga maciji.

Catharine ta rasu a 1878, mijin Harriet kuma a 1886. A shekarunta na ƙarshe ta yi fama da cutar mantuwa.

Har yau ana muhawara a kan ayyukanta. Marubuci baƙar fata James Baldwin ya soki Uncle Tom's Cabin a 1949, wasu kuma sun ƙi jinin yadda ta tura wasu jaruman labarin zuwa Laberiya a ƙarshe maimakon su zauna a Amurka a matsayin 'yan ƙasa. An binne ta a garin Andover na jihar Massachusetts, kusa da mijinta da ɗanta Henry.