Tanda Balogun da Layi Ɗaya na Zariya

A bakin kakana na fara jin sunan Tanda Balogun, a zauren gidanmu da ke cikin birni, can wajen Ƙofar Gayan. Marigayin, Allah Ya ji ƙansa, ya yi aikin lebura a tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari yana saurayi, kuma a wurin ma'aikatan reluwe 'yan Kudu ya kwaso son ƙwallo, abin da sa'o'insa na cikin birni suke ɗauka shashanci ne. Duk ranar da muka dawo daga gidan kallo muna musu kan Messi da Ronaldo, sai ya bar mu mu gaji don kanmu, sannan ya ce duk ba mu ga ƙwallo ba tunda ba mu zo duniya zamanin Tanda ba.

Labari biyu ne ba ya gajiya da su. Na farko, wai Tanda ya taɓa ɗirka ƙwallo da ƙafar hagu ta fasa cikin gola ta wuce raga, golan ko shurawa bai yi ba. Na biyu, wai Zariya ta taɓa zuwa Ikko ta buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa baki ɗaya. Mu kuwa duka biyun muka haɗa muka zuba a kwandon tatsuniya. Ni har da ƙyaƙyata dariya, ina jin kaina ɗan boko.

Ina sakandare ya rasu. Sai bara, da aka ba mu aiki a sashenmu na ƙididdiga kan inda ake samo alƙaluma da yadda ake tantance su, na zaɓi ƙwallo don ina ganin zai fi sauƙi. A nan na ci karo da ƙungiyoyi biyu na duniya da aikinsu ke nan, adana tarihin ƙwallo da alƙalumanta. Ɗaya ita ce IFFHS, wadda wani Bajamushe, Alfredo Pöge, ya kafa a birnin Leipzig a 1984. Ita ce mai fitar da jerin gwanaye, kuma a zaɓenta George Weah ya zama gwarzon Afirka na ƙarni na 20. Ɗayar kuma RSSSF, wadda wasu Turawa uku masu son ƙwallo suka kafa a 1994. Ita ba ruwanta da raba kambu. 'Yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke tono tsofaffin jaridu suna jera wa ya buga da wa, yaushe, ci nawa. Ina cikin duba abin da aka tara kan Nijeriya sai tsohon nan ya faɗo mini a rai, na ce bari in ga ko Tandan nasa ma an yi shi.

Ashe an yi shi. Sunansa Tesilimi Balogun, an fi rubuta shi Teslim, an haife shi a Legas a 1927, ya yi karatu a Fatakwal. Laƙabinsa da Turanci Thunder, wato tsawa, saboda ƙarfin dukansa. Bakin Bahaushe ne ya mai da shi Tanda. Ɗan wasan gaba ne, dogo, kuma ya taso daidai lokacin da ƙwallo a Legas take hannun ma'aikatu da kamfanoni. Ba a maganar kulob mai sayen 'yan wasa da miliyoyi. Hukumar jiragen ruwa tana da ƙungiyarta, reluwe tana da tata, kamfanin UAC ma haka. In kana da ƙafa sai a ba ka aiki, da safe kana ofis ko wurin gyara, da yamma kana fili. Shi ya sa in ka bi jerin ƙungiyoyin da ya taka wa leda sai ka ga kamar takardar neman aiki: Apapa Bombers, Marine, UAC, Railways, Jos, Pan Bank, Dynamos, SCOA.

Abin da kowa ke nema a lokacin shi ne Kofin Gwamna, wanda aka fara a 1945, daga baya aka sauya masa suna zuwa Kofin Ƙalubale. Ana lissafa wa Tanda wasan ƙarshe bakwai, ya ɗaga kofin a biyar. A 1951 yana tare da ƙungiyar Jos, suka kai wasan ƙarshe suka haɗu da tsohuwar ƙungiyarsa, Railways, aka ci su 3-2. Ku lura da wannan, 'yan uwa: fitaccen ɗan wasan ƙasar nan ya taɓa barin Legas ya zo ya buga wa wata ƙungiya ta Jihar Arewa. Shekarar da ta biyo baya ya koma gida, Pan Bank ta zazzaga wa Warri ƙwallo shida a wasan ƙarshe, uku daga ƙafarsa.

Amma inda labarinsa ya fi daɗi shi ne 1949. A watan Agusta na shekarar aka zaɓi 'yan wasa 18, kyaftin ɗinsu Etim Henshaw, aka sa su a jirgin ruwa mai suna Apapa suka nufi Ingila. Kusan mako biyu suna kan teku kafin su sauka a Liverpool. Wannan ita ce tawagar farko da ta fita da sunan Nijeriya, shekara goma sha ɗaya kafin 'yancin kai. Kuma akasarinsu ba takalmi suka buga. Bandeji suke naɗewa a ƙafa, yatsu a waje. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa a filin makarantar firamare ya san wannan ba gazawa ba ce. Ƙafar da ta saba da ƙasa jin takalmi take kamar an ɗaura mata dutse. Turawa suka cika fili don su ga abin mamaki, wasu ƙila don su yi dariya. Wasan farko, da ƙungiyar Marine ta yankin Liverpool, baƙi suka lallasa masu gida 5-2.

Daga nan fa sai Ingila ta nuna halinta. Ciyawar can in ta jiƙe santsi gare ta, mai takalmi da ƙusoshi yana tsaye daram, mara takalmi yana ta zamewa. A wani wasa da zaɓaɓɓun Athenian League an zura musu takwas ba ko ɗaya. Wasa tara suka yi gaba ɗaya: suka ci biyu, canjaras biyu, aka ci su biyar. Kuma a gaskiya duk ƙungiyoyin da suka kara da su ba na ƙwararru ba ne, masu yi don sha'awa ne. Na faɗi wannan ne don in ana ba da labarin tafiyar sau da yawa 5-2 ɗin kawai ake ambata, a haɗiye 8-0. Alƙalami ba ya haɗiyewa.

A hanyar dawowa jirgi ya tsaya a Freetown, ran 8 ga Oktoba 1949 suka buga da Saliyo suka ci 2-0. Shi ne wasan farko na Nijeriya da wata ƙasa, kuma Tanda yana cikin waɗanda suka ci. Duk ƙwallon da Yekini ko Ahmed Musa ko Osimhen suka zura wa ƙasar nan, lissafin daga wannan yammacin ya faro.

A 1955 ya sake komawa Ingila, wannan karon shi kaɗai, ya sa hannu da Peterborough United, wadda a lokacin ba ta ma shiga manyan rukunan gasar Ingila ba. Ya ɗan taɓa Skegness Town, sannan Queens Park Rangers ta Landan ta ɗauke shi a kakar 1956-57, tana rukuni na uku. Abin da littafi ya rubuta masa a can: wasan lig 13, ƙwallo 3. Bayan haka ya buga wa wata ƙaramar ƙungiya, Holbeach United, ya dawo gida.

Ranar da na ga wannan 13 da 3 ɗin, ba zan ɓoye muku ba, gwiwata ta yi sanyi. Mutumin da aka ce ƙwallonsa na fasa ciki, ashe uku ya ci? Yaron da ke zaman benci a ƙungiyar da nake goyon baya ma ya fi haka. Sai daga baya na gane kuskuren da malaminmu yake yawan ja mana kunne a kai nake tafkawa, wato ɗaukar adadi a tsige shi daga inda ya tsiro. Mutum ne da ya doshi talatin, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana buga ƙwallo ba takalmi a kan busasshiyar ƙasa, aka jefa shi cikin laka da sanyin hunturun Landan, a zamanin da baƙar fata a filin ƙwallon Ingila ɗai-ɗai ne. Ba wakili, ba wani ɗan ƙasarsu da ya riga shi da zai nuna masa hanya. Ƙofar da su Kanu da Okocha da Mikel suka bi daga baya, yana cikin na farkon da suka tura ta. Ukun nan ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce mutumin ba.

Da ya ajiye wasa sai ya koma horarwa, ana kuma ambatonsa a matsayin ɗan Afirka na farko da ya sami takardar ƙwararren koci. Yana cikin masu horar da tawagar Nijeriya a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, inda muka sha kashi a hannun Japan da Sifen, amma muka tashi 3-3 da Brazil bayan mun yi gaba da uku ba ko ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Ashe ciwon zubar da nasara ba yau muka fara shi ba. Ya rasu ran 30 ga Yuli 1972, cikin barcinsa, yana da shekara 45. Filin wasan da ke Surulere a Legas, wanda aka buɗe a 2007, sunansa aka sa masa.

Batun gola kuwa, tatsuniya ce. Har yau ana ba da ita daga Legas zuwa Kano, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, wani ya ce golan ɗan Gana ne, wani ya ce ƙanensa ne. Labarin da sunan mamacinsa ke sauyawa daga baki zuwa baki ai ya riga ya tona kansa. A nan dai dariyata ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Kada kuma a ɗauka rubutacce ba ya kuskure. Tambarin hukumar ƙwallon ƙasar nan ya daɗe yana ɗauke da 1945 a matsayin shekarar kafuwa, har ɗan jaridar wasanni Kunle Solaja ya tono jaridun Legas da suka nuna tun 1933 aka kafa ta. Wato hukuma ma ta manta shekarar haihuwarta, balle tsohon lebura.

To, saura labari na biyu. Ina bin jerin wasannin ƙarshe na kofin shekara bayan shekara don in ga inda Tanda ya bi, sai na ga 1953: Kano 2, Dynamos ta Legas 1. Karon farko ke nan da kofin ya bar Legas, kuma Arewa ya zo. Kano ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, ba ta dace ba. Na gangara ƙasa kaɗan. 1957: Railways ta Legas 5, Zariya 1.

Wallahi sai da na karanta sau uku. An ci mu biyar, ba musu, kuma tsohuwar ƙungiyar Tanda ce ta yi mana wannan aika-aika. Amma mun je. Garin nan da muke zaune, wanda yau samarinsa suka san sunan golan Chelsea na uku, ya taɓa tura 'yan wasa Ikko suka tsaya a wasan ƙarshe na ƙasa. Kakana yana ɗan shekara goma sha tara a lokacin, yana aiki a tashar da jirgin Legas ke tsayawa. Ba ji-ta-ji-ta yake ba mu ba.

Abin da aka adana layi ɗaya ne: shekara, sunan ƙungiya biyu, da ci. Tanda yana da filin wasa, yana da ranar rasuwa, har wasanninsa na Landan an ƙirga. Wanda ya ci wa Zariya wannan ƙwallo ɗaya tilo kuwa layin bai ambaci sunansa ba. Kuma mutumin da ƙila da ya gaya mini sunan, shekaru na yi ina zaune a gefensa a kan tabarma, ina yi masa dariya maimakon in tambaye shi.

Da na koma gida ran Juma'a na nuna wa kakata layin a wayata, na karanta mata. Ba ta yi wani mamaki ba. Ta ce ita ƙwallo ba ta dame ta ba, amma ai Malam bai taɓa yi mata ƙarya ba, har batun golan ma. Na buɗe baki zan yi bayani, na fasa. Sannan ta tuna mini cewa akwai wani abokinsa da suka yi aikin tasha tare, yana nan da ransa a wata unguwa kusa da fada, sai dai kunnensa ya yi nauyi, in zan je in je da hantsi kafin ya gaji. Na sayi sabon littafi da goro, ranar Asabar zan je.