Orlando Martins: ɗan Ikko da ya yi suna a siniman Ingila

An haifi Orlando Martins a birnin Ikko, cikin ƙasar Najeriya, ranar 8 ga watan Disamba 1899. Bayarabe ne, kuma a Ikko ya yi karatunsa. Yana saurayi yaƙin duniya na farko ya ɓarke. A shekarar 1917 ya bar gida ya nufi Ingila. Aikin da ya fara samu shi ne zuba kwal a wutar injin jirgin ruwa, aikin zafi da gumi wanda ba kowa ke jure masa ba.

Da yaƙi ya ƙare, sai ya zauna a birnin Landan, ba dangi ba dukiya. Babu aikin da ya raina. Ya yi gadin dare, ya yi sharar titi, ya yi wanke-wanke a gidajen abinci. Ya yi kokawa don kuɗi, ya kuma yi wasa da macizai gaban ƴan kallo, kamar gardi. Cikin wannan fafutuka ne ya kusanci gidajen wasan kwaikwayo. Da farko akan sa shi cikin taron da ke tsayawa a baya don cika fage. A 1926 ya fito cikin fim, a zamanin da hotuna ke motsi amma ba a jin magana.

Tsawonsa da kaurin muryarsa suka sa aka fara lura da shi. A 1935 ya fito cikin Sanders of the River tare da Paul Robeson, mashahurin mawaƙin nan baƙar fata na Amurka. A 1936 su biyun suka sake haɗuwa a dandalin Landan, cikin wasan da C. L. R. James ya rubuta kan Toussaint Louverture, jagoran bayin da suka yi tawaye a Haiti. Martins ya fito a matsayin Boukman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kunna wutar tawayen.

Bayan yaƙin duniya na biyu tauraronsa ya haska. A 1946 ya fito a matsayin boka Magole cikin Men of Two Worlds, labarin da ya gudana a Tanganyika. A 1949 aka yi The Hasty Heart, inda ya fito a matsayin sojan Afirka da ke jinya a wani asibitin soja a Bama. Cikin fim ɗin duka, kusan kalma ɗaya tak aka ba shi ya furta, wato sunan da abokan jinyarsa suka laƙaba masa. Da fuska da ido da motsin hannu ya isar da sauran. Ɗaya daga cikin abokan wasansa a nan shi ne Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka a 1981. Daga baya ya fito cikin Where No Vultures Fly a 1951, da West of Zanzibar a 1954, da Simba a 1955, da Sapphire a 1959.

Sai dai wannan ɗaukaka tana da iyaka. Turawa ne ke rubuta labaran, su ne ke da kuɗi da na'urori. Abin da suke tanadar wa baƙar fata bai cika wuce boka, ko sarkin ƙauye, ko bara ba. Martins ba shi da ikon canja labarin. Abin da ke hannunsa shi ne ya ba ɗan matsayin da aka ba shi kwarjini da mutunci, har mai kallo ya ga mutum, ba abin dariya ba. Wannan kuwa ya yi shi.

A 1959, bayan shekara 42 a ƙasar waje, ya koma Ikko, ana saura shekara ɗaya Najeriya ta sami mulkin kai. Komi nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Da tsufansa ya sami abin da ya rasa da ƙuruciya: labaran da ƴan ƙasarsa suka rubuta. A 1970 ya fito cikin Kongi's Harvest, wanda aka ɗauko daga wasan Wole Soyinka. A 1971 ya fito a matsayin Obierika cikin fim ɗin da aka gina kan littattafan Chinua Achebe. Waɗannan suna cikin finafinan farko da aka shirya a Najeriya bayan samun ƴanci.

Ya rasu a Ikko ranar 25 ga watan Satumba 1985, yana da shekara 85. Bai ga bunƙasar finafinan bidiyo da ta soma a ƙasarsa a farkon shekarun 1990 ba. Amma masu wasan da suka biyo baya sun tarar da hanyar da ya share, a lokacin da ba a ba ɗan Afirka bakin magana.