Abdu Mumuni Jofo, malamin malamai

A garin Tasawa aka haifi marigayi Abdu Mumuni Jofo, ranar 26 ga watan Yuni na shekarar 1929, ko da yake asalin gidansu Kirtashi ne, a bakin kogin Kwara. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, daga nan ya wuce makarantar Wiliyam Ponti ta ƙasar Senegal, inda ake horar da malamai da ma'aikatan Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka. Bayan haka ya tafi birnin Paris, a can kuma, cikin shekarar 1956, ya ci babbar jarrabawar da Faransa take zaɓen manyan malamanta da ita, a fannin kimiyyar fizik. Shi ne ya fara cin ta a wannan fanni cikin ƙasashen baƙar fata masu aiki da Faransanci.

Da ya komo gida Afirka sai ya riƙi alli. Ya koyar a Dakar, ya koyar a Konakiri lokacin da Gine ta karɓi ƴancinta a 1958, sa'an nan ya koyar a Yamai. Daga bisani ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya ƙaro sani a kan amfani da hasken rana har zuwa 1964.

Cikin shekarar 1964 ne littafinsa a kan ilimi a Afirka ya fito da Faransanci, aka kuma juya shi cikin Ingilishi a 1968. A ciki ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya ba ta raba karatu da aiki, gari duka ne yake renon yaro, ana bin shekarunsa daki-daki. Lakkol ɗin Nasara kuwa ta raba yaro da harshensa, don bukatarta ita ce samun magatakarda da tafinta. Saboda haka ya nemi a koyar da harsunan ƙasa, a haɗa littafi da aikin hannu. To, wannan gyara ba ya yiwuwa sai an fara da mai koyarwa, domin wanda aka horar a kan hadda, hadda zai ba ɗalibansa.

Abin da ya rubuta shi ya bi da aiki. Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, a babbar makarantar horar da malamai, yana koyar da waɗanda za su koyar da wasu. A nan ya kafa ɗakin binciken hasken rana na ƙasar Mali, a 1967 kuma ya sami babban digirin dakta a Paris.

A 1969 ya dawo Nijar, aka danƙa masa ragamar ma'aikatar hasken rana, wato ONERSOL, wadda ya riƙe har 1985. Can aka ƙera abubuwan ɗumama ruwa da na dafa abinci da na busar da amfanin gona, duk da zafin rana. Jami'ar Yamai, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1973, ta fara ne da malamai da yawa ƴan ƙasashen waje, babban abin da ke gabanta shi ne samun nata na gida. Abdu Mumuni ya shiga koyarwa a tsangayar kimiyya, a 1979 kuma aka naɗa shi shugaban jami'ar. Da ya sauka daga kujera bai ajiye alli ba.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu na 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Jami'o'in da aka buɗe daga baya a Maradi da Damagaram da Tawa sun gaji tambayar da ya bari: wa zai koya wa malami koyarwa? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.