Tarihin John Kemeny, Malamin Da Ya Sauƙaƙe Harshen Kwamfuta

An haifi John Kemeny a Budapest, babban birnin ƙasar Hungary, ran 31 ga watan Mayu, 1926. Iyayensa Yahudawa ne, saboda haka da zaluncin Hitler ya matso, suka yi ƙaura zuwa Amurka cikin 1940. Yaron ya yi fice wajen lissafi, har ya zama mataimakin Albert Einstein a Princeton. Cikin 1953 ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Dartmouth.

A zamanin nan kwamfuta ƙatuwar na'ura ce mai cika ɗaki. Mai son ta yi masa aiki sai ya huda umarninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikata, ya yi ta jira. In ya kuskure harafi ɗaya, sai ya sake. Abin ya dami Kemeny, gama a ganinsa ɗalibin tarihi ma ya kamata ya iya ba na'urar umarni. Shi da abokin aikinsa Thomas Kurtz suka ƙago harshe mai sauƙi, watau BASIC, aka fara aiki da shi ran 1 ga watan Mayu, 1964. Ba su nemi ko anini a kansa ba.

Amfaninsa ya ƙara bayyana sa'ad da ƙananan kwamfutoci suka fito. Cikin 1977 masu ƙera Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka dasa BASIC cikin ƙwaƙwalwar na'urar wadda ba ta gogewa, har yaro ma yana iya zama ya soma rubuta umarni nan take. Amma ba duka suka zama ɗaya ba. A kan Commodore 64 ta 1982 babu kalmar yin zane ko sauti, sai mutum ya haddace lambobi. BBC Micro ta 1981 kuwa, wadda makarantun Ingila suka yi aiki da ita, an sa mata waɗannan kalmomi. Ashe sauƙi da wuya tun daga hannun maƙeri suke fitowa.

Kemeny ya shugabanci Dartmouth daga 1970 zuwa 1981, bai kuwa daina shiga aji ba. Ya rasu ran 26 ga watan Disamba, 1992.

To, mu malaman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, Yaƙi da Jahilci ya nuna mana karatu ba rubutu rabin ilmi ne. In za a sayo wa makaranta kwamfuta, lalle mu fara tambaya ko yaro zai iya rubuta nasa umarnin a kanta.