Bala Miller: Mutumin da ya sa kiɗan hailaif ya ji Hausa a Kaduna

A wuraren biki na Narayi da Barnawa da Sabon Tasha, a yau mutum ɗaya da kwamfuta da manyan lasifika biyu ya isa ya tayar da taro. Yakan sa amapiano, ya bi da afrobeats, ya rufe da waƙar nanaye, kuma matasa na bambance kowanne tun daga bugun farko.

Kafin na'ura ta karɓe wannan aiki, an yi zamanin da sai an jera mutum fiye da 20 a kan dandamali kafin a ji irin wannan amo a Kaduna. Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a shekarar 2003.

Tarihinsa na nuna yadda kaɗe-kaɗen da suka fito daga tsatso ɗaya ke rabuwa, kowanne ya kama hanyarsa.

Daga Pankshin zuwa Legas

An haifi Bala Miller a shekarar 1928 a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa limamin cocin Angilika ne daga Zariya, kuma aikin coci ya riƙa kai iyalin gari-gari.

A Lokoja ne yaron ya fara cin karo da kayan busa irin na 'yan badujala, ya shiga rukunin makaɗan cocin da mahaifinsa ke aiki tun yana ƙarami.

Daga nan ya wuce makarantar CMS Grammar School da ke Legas, wadda aka kafa a 1859. Yana karatu yana busa a rukunin makarantar, yana kuma bin ƙungiyar Calabar Brass Band zuwa wuraren bukukuwa.

Bayan ya gama makaranta ya kama aiki da kamfanin Lever Brothers. Da rana yana ofis, da dare yana busa ƙahon Turawa tare da Samuel Akpabot, daga baya kuma ya yi aiki da Victor Olaiya, ɗaya daga cikin jiga-jigan hailaif a Najeriya.

Aikin kamfani ne kuma ya dawo da shi Arewa, inda ya zauna a Kaduna.

Uwa ɗaya, muryoyi daban

Domin a gane abin da Bala Miller ya yi, sai an san kaɗe-kaɗen rawa da ya tarar.

Hailaif ya taso ne a ƙasar Gana, kuma E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos suka ƙara masa farin jini a Najeriya a shekarun 1950. Alamarsa ita ce ƙahonni: su ke jan waƙa, su ke amsa wa mawaƙi, ganga kuma tana tafiya a hankali yadda mutum zai taka rawa ba tare da ya yi gumi sosai ba.

A Gabashin Najeriya, salon ya karkata zuwa jita. Wanda ya saurari Oliver De Coque zai ji tsirkiya ce ke gaba, tana zuba ba tsayawa.

A ƙasar Yarabawa akwai juju, wanda ginshiƙinsa ganga mai magana ce, 'yar uwar kalangunmu, tare da amshi na taron murya. I.K. Dairo da King Sunny Ade ne suka fi ɗaukaka shi.

Sai afrobeat na Fela Kuti, wanda shi ma da hailaif ya fara. Fela ya ƙara wa kiɗan nauyi, ya sa jita mai kaurin murya tana maimaita layi ɗaya, makaɗinsa Tony Allen yana sarƙa bugu iri-iri, waƙa ɗaya ta kai minti 15 ko fiye.

Kayan kiɗan kusan iri ɗaya ne a dukkansu. Abin da ya raba su shi ne wane kaya aka sa a gaba, da saurin bugu, da harshen da ake rera waƙar.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raunana hailaif a Legas, saboda makaɗa da dama sun koma Gabas, juju kuma ya cike gurbin. A Arewa kuwa, kiɗan da jama'a suka sani shi ne na su Mamman Shata da kalangu, da Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Ana yi wa kiɗan ƙahonni da jita kallon na baƙi.

Makaranta kafin ƙungiya

Wannan giɓin ne Bala Miller ya sa a gaba. Ya lura cewa ba za a samu kiɗan zamani na Arewa ba matuƙar babu 'yan Arewa da suka iya riƙe kayan.

A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, ya jagoranci kafa makarantar koyon kiɗa a Kano da tallafin gwamnatin jihar.

A 1977 ya shiga cikin masu tsara ɓangaren kiɗa na bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a Legas, aka kuma yi gagarumin hawan dabarsa a Kaduna.

A wannan shekarar ce ya kafa ƙungiyar da ta fito da shi, The Great Music Pirameeds of Afrika. Ta fara da mutum 12, daga baya ta kai 28. Kulob ɗin Costain da ke Kaduna ya zama dandalinta.

Abin da ya bambanta ta da takwarorinta na Kudu shi ne Hausa. Harshen Hausa yana da karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma idan aka ja gaɓa ba a inda ta dace ba, ma'ana na iya sauyawa. Don haka ba a ɗora kalmomin Hausa a kan kiɗan Legas kawai a wuce. Dole ƙaho da ganga su bi bakin mawaƙi, kamar yadda kalangu ke yi.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Ikon Allah. Ɗan limamin coci ne ya rera ta, amma sunanta kalma ce da Musulmi da Kirista masu jin Hausa ke faɗa kullum.

A shekarun 1980 ya samu shiri nasa a gidan talabijin na NTA, wanda ya shigar da ƙungiyar gidajen mutane a faɗin ƙasar.

Lokacin da fiyano ta iso

Riƙe mutum 28 da albashinsu da kayan aikinsu ba ƙaramin nauyi ba ne. Da tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan ƙungiyoyin kiɗa suka fara watsewa.

A shekarun 1990, fiyanon Yamaha ta shiga ɗakunan naɗar waƙa na Kano. A cikinta akwai muryar ganga da sarewa da ƙaho, kuma mutum ɗaya ke danna su duka. A kanta aka gina waƙoƙin finafinan Hausa.

Sai dai ƙa'idar da ta raba hailaif da juju ita ce har yanzu ke raba kiɗan na'ura. Kiɗan house, wanda ya taso a birnin Cikago na Amurka a shekarun 1980, yana tafiya ne da dukan ganga huɗu madaidaita, wajen bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Amapiano na Afirka ta Kudu jikansa ne, amma ya fi shi jan ƙafa, kuma ana gane shi da wani gurnani mai kauri kamar ana dukan kututturen itace. Afrobeats na yau, wanda ya sha bamban da na Fela, gajere ne, muryar mawaƙi ce a gaba, bugunsa kuma yana ɗingishi. Nanaye kuwa ta dogara da musayar baiti tsakanin namiji da mace.

A shekarar 2001, kamfanin Strut na Landan ya fitar da kundin Nigeria 70, wanda ya tattara kiɗan rawa na shekarun 1970. An yi wa kundin laƙabi da sunan Legas, amma Ikon Allah na ciki, tare da waƙoƙin Fela da Tony Allen da William Onyeabor na Enugu, wanda ya yi suna da kiɗan na'ura. Ta wannan hanya masu sauraro a Turai suka san mutumin Kaduna da yawancin matasan garinsa ba su taɓa jin sunansa ba.

Bayan rikicin shekarar 2000, kogin Kaduna ya zama tamkar iyaka tsakanin mazauna garin. Bala Miller ya rasu shekara uku bayan haka. Ya bar faya-fayai da makaɗan da ya horar, da kuma shaidar cewa an yi lokacin da tsallaken kogin biyu ke sauraron waƙa ɗaya da harshe ɗaya.