Alexander Agassiz, attajirin da ya ja da Darwin kan duwatsun murjani

An haifi Alexander Agassiz a garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan a 1835, ya bi mahaifinsa Amurka a 1849. Arzikinsa ya fito ne daga ma'adinin jan ƙarfe na Calumet da Hecla a jihar Michigan, amma abin da ya ci masa rai shi ne asalin tsibiran murjani.

Charles Darwin ya bayyana a 1842 cewa tsibirin dutsen aman wuta ne ke nutsewa sannu a hankali, murjani kuma yana tofo a kansa. Agassiz bai gamsu ba. A ganinsa, murjanin yau ɓawo ne siriri a kan tsohon dandamalin dutse da ruwa ya zaizaye, kuma siffar wannan dandamali ce ke tsara inda sabon murjani da yashi za su kwanta. Da kuɗin aljihunsa ya bi Bahamas a 1893, sannan gaɓar Ostareliya, Fiji da Maldives, yana auna zurfi yana tara samfuri. Sai dai babban littafin da zai tattara hujjojinsa bai taɓa fitowa ba. Ajali ya riske shi cikin jirgin ruwa a 1910.

A 1952 aka haƙa tsibirin Enewetak, aka tarar da dutsen aman wuta a ƙarƙashin dutsen murjani mai kaurin sama da mita 1,200. Darwin ya yi gaskiya a nan. Duk da haka, masana sun gano daga baya cewa ruwan sama ya sassaƙa irin waɗannan dandamali lokacin da teku ta janye a zamanin ƙanƙara, kuma sabon murjani sawun wannan sassaƙa yake bi.